Tarihin Sabunta Manhaja: Daga Facin Takarda Zuwa Wa'adin Waya

Sabunta manhaja, wato aika wa na'ura gyara ko ƙari a kan umarnin da take aiki da shi bayan ta riga ta bar hannun wanda ya ƙera ta, al'ada ce da ta girmi wayar salula da intanet baki ɗaya, ko da yake akasarin masu riƙe da waya a yau ba su san ta ba sai ta ɗan saƙon nan da ke fitowa a fuskar waya yana neman data da caji. Idan aka bi diddigin wannan al'ada daga shekarun 1940 zuwa yau, za a tarar cewa abin da ya fi sauyawa shi ne wanda nauyin sanin labarin gyara yake wuyansa, domin da farko mai na'ura ne ke fita neman labari, daga baya kamfani ya riƙa aiko masa, har aka kai matsayin da kamfanin ke shigar da gyaran ba tare da ya tambaye shi ba. A cikin wannan tafiya ikon yanke hukuncin cewa na'ura ta tsufa ya suɓuce daga hannun mai ita ya koma hannun wanda ya rubuta manhajar da ke cikinta.

Kwamfutocin farko, irin su Harvard Mark I da aka kammala a Amurka a 1944, suna karɓar umarni ne ta doguwar takarda da aka hudhuda, kowane jerin ramuka yana wakiltar umarni guda. Idan aka gano kuskure, sai a liƙe ramin da aka huda ba daidai ba da guntun takarda, ko a yanke sashen da ya lalace a haɗa wani a madadinsa, faci na zahiri da ido ke gani. A wancan zamanin kwamfuta kayan jami'a ce da soja da manyan kamfanoni, kuma kowace tana da ƙwararrun da ke kula da ita dare da rana, saboda haka labarin gyara yana yawo ne a cikin ƙaramin rukuni na mutanen da suka san juna. A 1955 masu amfani da injunan IBM a yankin Los Angeles suka kafa ƙungiyar SHARE domin musayar manhajoji da rahoton kurakurai, shi kuma kamfanin yana aiko da gyare-gyarensa a kan faifan maganaɗisu tare da takardar bayani. A watan Yunin 1969 IBM ya sanar da cewa zai riƙa sayar da yawancin manhajojinsa daban da injin, matakin da ya mayar da manhaja haja mai farashinta da lambar fitowarta, wadda za a iya cewa wannan ta 2 ce, waccan ta 3 ce.

Matsalar dacewa, wato ko manhajar da aka rubuta domin wata na'ura za ta yi aiki a kan wata, ta shigo gidajen mutane ne tare da ƙananan kwamfutoci. Kafin 1981 kowane kamfani da tsarinsa, ta yadda faifan Apple ba ya aiki a kan Commodore. Da IBM ya fitar da kwamfutarsa ta mutum ɗaya a watan Agustan 1981, ya haɗa ta ne da sassan da kowa ke iya saya a kasuwa, sannan ya ɗauko babbar manhajarta daga Microsoft, babbar manhaja kuwa ita ce wadda ke tafiyar da na'urar kanta, sauran manhajoji duk a kanta suke hawa. Abu ɗaya da IBM ya riƙe shi ne ɗan umarnin da ke tayar da injin, wanda ake kira BIOS, sai kamfanin Compaq ya sa injiniyoyinsa suka rubuta irinsa ba tare da sun kwafi na asalin ba, ya fitar da kwamfutarsa a 1983. Daga nan aka cika kasuwa da injunan da ke iƙirarin dacewa da na IBM, wasu da gaske, wasu rabi da rabi, har masu saye suka ɗauki al'adar gwada sabuwar kwamfuta da manhajar lissafi ta Lotus 1-2-3 ko wasan tuƙin jirgi na Flight Simulator, domin su biyun suna saurin tona asirin injin da bai dace sosai ba.

Mai kwamfuta na wancan lokaci yana samun labari ne ta mujallu irin su Byte da PC Magazine, ko ta katin rajista da yake cikewa ya aika wa kamfani ta gidan waya, da fatan wata rana za a aiko masa da faifan gyara. Wanda bai damu ba kuwa yakan shekara biyar da manhajarsa yadda ya saye ta, kuma babu abin da ke samunsa, tunda injin nasa ba ya haɗe da na kowa.

Rubutun Hausa ya ɗanɗana wannan matsala ta dacewa tun da wuri, kuma ta hanyar da ba ta sami masu rubutu da Turanci ba. Tsarin ASCII, wanda kwamfutoci ke bi wajen bai wa kowane harafi lamba, an tsara shi ne a Amurka a shekarun 1960 da gurabe 128 kacal, kuma babu ɓ ko ɗ ko ƙ a cikinsu. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙirƙiro samfurin haruffan kwamfuta masu ɗauke da waɗannan baƙaƙe masu lanƙwasa, abin da ya ba marubuta da maɗaba'u damar buga Hausa daidai. Sai dai samfuran haruffa na wancan zamani, a kowane harshe, suna aiki ne ta hanyar aron gurbin wata alama su zana sabon harafi a kansa, saboda haka takardar da aka buga a wata kwamfuta, idan aka buɗe ta a wadda ba ta da samfurin, sai alamar asali ta dawo ta zauna a tsakiyar kalma. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya bai wa kowane ɗaya daga cikin waɗannan haruffa lambarsa ta dindindin, har da ƴ da ake amfani da ita a Jamhuriyar Nijar, amma an ɗauki shekaru masu yawa kafin na'urori su zo da zanen haruffan a cikinsu, shi ya sa tsofaffin wayoyi da dama ke nuna ɗan akwati a inda ƙ ya kamata ya fito. Ana iya cewa ɗabi'ar rubuta kasa a maimakon ƙasa, wadda ta yi katutu a saƙonnin waya, gado ce daga shekarun da na'urar ba ta iya nuna harafin ba, kuma ta ci gaba ko bayan da sabuntawa ta kawar da uzurin.

Haɗa kwamfutoci da juna shi ne ya mayar da sabuntawa daga abin so zuwa abin dole. A ranar 2 ga Nuwamban 1988 wani ɗalibin Jami'ar Cornell mai suna Robert Tappan Morris ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta daga injin zuwa injin, irin wadda ake kira tsutsa, ta bi ta kafofin da ke cikin babbar manhajar Unix ta durƙusar da kwamfutoci da aka ƙiyasta sun kai 6,000, kusan kashi ɗaya cikin goma na duk waɗanda ke kan intanet a lokacin. Cikin watan aka kafa cibiyar CERT a Jami'ar Carnegie Mellon domin ta riƙa tattara rahoton irin waɗannan kafofi tana sanar da jama'a, sannan a 1999 aka ɓullo da tsarin CVE, wanda ke bai wa kowace kafa da aka gano lamba guda da duniya za ta san ta da ita, domin kafin nan kamfanoni biyu na iya magana a kan rauni ɗaya da sunaye daban-daban ba tare da kowa ya gane ba.

Microsoft ya buɗe Windows Update tare da Windows 98, ya ƙara tsarin sauke gyara kai tsaye a shekara ta 2000, amma abin da ya faru a shekaru uku da suka biyo baya ya nuna cewa fitar da gyara abu ɗaya ne, isarsa ga na'ura kuma wani abu ne daban. Tsutsar Code Red ta watan Yulin 2001 ta shiga ne ta kafar da aka fitar da facinta wata guda kafin nan. Tsutsar Slammer, wadda ta ɓulla ranar 25 ga Janairun 2003 ta kama injuna kusan 75,000 cikin mintuna goma, ta kuma jefa intanet ɗin Koriya ta Kudu cikin duhu na sa'o'i, ta yi amfani da raunin da aka toshe tun watan Yulin 2002, wato wata shida cur gyaran yana ajiye ba a ɗauka ba. A watan Agustan 2003 Blaster ta biyo baya, ita kuma kwamfutocin gida ta fi addaba, tana sa su kashe kansu suna sake tashi, alhali facinta ya fito tun 16 ga Yuli. Ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan sakacin masu kwamfuta, domin a lokacin gyare-gyaren suna fitowa ne a kowace rana ba tare da tsari ba, wasu suna lalata manhajojin da ke aiki lafiya, sauke su kuma ta layin tarho yana cin sa'o'i da kuɗi.

Amsar da Microsoft ya bayar a watan Oktoban 2003 ita ce ya tsayar da rana: Talata ta biyu ta kowane wata za a fitar da gyare-gyaren tsaro gaba ɗaya, domin masu kula da kwamfutoci su san ranar da za su zauna su jira. Wannan jadawali yana nan har yau, wasu kamfanoni irin su Adobe ma sun bi sahu. Yana da illarsa da aka sani, domin da zarar faci ya fito masu kutse sukan kwance shi su gano ainihin ramin da aka toshe, su kai hari kan duk wanda bai riga ya shigar ba, ta yadda sanarwar gyara ta zama sanarwar rauni ga wanda ya makara.

Daga jadawalin gyara sai aka samu jadawalin daina gyara, wanda shi ne ya fi tasiri a kan talaka. Windows XP ta fito a watan Oktoban 2001, Microsoft kuma ya daina tallafa mata ranar 8 ga Afrilun 2014, alhali miliyoyin injuna a asibitoci da bankuna da gidaje suna kanta. Ranar 12 ga Mayun 2017 manhajar WannaCry, wadda ke kulle bayanan mutum ta nemi fansar dala 300, ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ta hanyar wani makamin kutse da aka sato daga hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA. A Ingila an soke ganin likita da tiyata da aka ƙiyasta sun kai 19,000. Microsoft ya fitar da facin wannan kafa tun 14 ga Maris, kuma bincike ya nuna cewa mafi yawan injunan da abin ya shafa suna kan Windows 7 ne, wadda ke cikin wa'adin tallafi amma ba a sabunta ta ba. Duk da haka kamfanin ya karya dokarsa ya fitar wa XP da gyaran gaggawa, abin da ya nuna cewa wa'adin shawara ce ta kasuwanci wadda ake iya ɗagawa idan an ga dama.

Da Windows 10 ta fito a 2015, an cire wa mai kwamfutar gida mafi yawan ikon ƙin sabuntawa. Hujjar a fili take bayan abin da aka gani, sai dai wanda ya karɓe iko ya karɓi alhaki, kuma ba kullum aka sauke shi ba. Sabuntawar watan Oktoban 2018 ta goge wa wasu mutane takardunsu har sai da aka janye ta. A watan Disambar 2017 Apple ya amsa cewa wata sabuntawa tana rage saurin tsofaffin wayoyin iPhone da batirinsu ya yi rauni, ya ce domin hana su mutuwa ba zato ne, amma bai sanar da masu wayoyin ba tun farko, dalilin da ya sa hukumomin Faransa suka ci shi tarar yuro miliyan 25 a 2020. Ranar 19 ga Yulin 2024 kuma gyara guda daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, ya tsayar da jirage da ayyukan bankuna, ba tare da hannun ko mai kutse ɗaya ba.

A ɓangaren waya hanyoyi biyu aka bi. Apple shi ke ƙera wayar kuma shi ke rubuta manhajar, saboda haka tun daga iOS 5 a 2011 yana aika sabuntawa kai tsaye ta iska zuwa duk wayoyin da yake tallafa wa a rana ɗaya. Android, wadda ta fara fitowa a 2008, hanyarta doguwa ce: Google zai rubuta, kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwar wayar, irin su Qualcomm ko MediaTek, zai daidaita ta da kayansa, mai ƙera wayar zai ɗora nasa ado, a wasu ƙasashe kuma kamfanin layi sai ya amince, kuma duk inda ɗayansu ya ga babu riba a ci gaba, nan gyaran ke tsayawa. Muhimmancin wannan ya bayyana a watan Yulin 2015, lokacin da wani mai bincike, Joshua Drake, ya bayyana raunin Stagefright, wanda ke ba da damar kutsawa waya ta saƙon bidiyo, aka kuma ƙiyasta ya shafi wayoyi miliyan 950. Daga nan Google ya fara fitar da gyaran tsaro duk wata, kuma wayar Android tana nuna kwanan watan gyaranta na ƙarshe a cikin saiti, wanda shi ne ma'aunin da ya fi lambar fitowa faɗin gaskiya game da lafiyarta.

Wayar salula ta tsarin GSM ta fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001, kuma ba da jimawa ba aka sami sana'ar da ta ɗauki nauyin da kamfanonin ƙetare ba su ɗauka ba. A kasuwannin waya irin su Farm Centre da titin Beirut a Kano, ko Computer Village a Ikeja, masu gyaran waya sun kasu gida biyu, masu aikin ƙarfe da dalma da masu aikin manhaja, kuma na biyun su ne ke yi wa waya filashin, wato su goge babbar manhajarta su ɗora wata daga kwamfuta, ko don ta daskare ko don a buɗe wadda aka kulle da layin wata ƙasa. Ga mutane da yawa wannan injiniya na kasuwa shi ne majiyar labari, shi ke cewa wannan waya za ta ɗauki manhaja kaza, waccan ba za ta ɗauka ba, kuma kasancewar kaso mai yawa na wayoyi da kwamfutocin da ke kasuwa na hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka, yawancinsu sun cinye wani sashe na wa'adinsu kafin su iso.

Manhajar da ta fi sanar da jama'a ma'anar wa'adi ita ce WhatsApp. A watan Fabrairun 2016 kamfanin ya sanar da cewa zai daina aiki a kan wasu tsofaffin tsare-tsare, kuma bayan ɗage-ɗage ya rufe wa wayoyin Nokia masu Symbian S60 a ƙarshen Yunin 2017, ya rufe wa BlackBerry a ƙarshen wannan shekarar, sannan Nokia S40 a ƙarshen 2018. A watan Oktoban 2023 ya daina tallafa wa duk Android da ba ta kai ta 5 ba. Wayoyin nan ba su fashe ba, batirinsu bai mutu ba, suna kira suna amsawa, amma darajarsu a kasuwa ta faɗi a rana ɗaya. BlackBerry, wadda a wani lokaci riƙe ta alama ce ta wayewa a biranen Najeriya, kamfaninta da kansa ya kashe hidimomin tsofaffin wayoyinsa ranar 4 ga Janairun 2022.

Tsadar data ta haifar da nata al'adun. Mutane da yawa sukan kashe sabuntawa ta kai tsaye domin kada ta cinye musu data cikin dare, sannan su karɓi manhaja daga wayar aboki ta Bluetooth ko Xender, hanyar da ke sa tsohuwar fitowa ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu ba tare da an san asalinta ba. A nan ne manhajojin jabu irin su GBWhatsApp suka sami gindin zama, duk da cewa ba su da alaƙa da kamfanin na asali, wanda ke rufe lambobin masu amfani da su. Manhajojin banki kuwa ba sa yin sassauci, domin da yawansu ba sa buɗewa sai an sabunta, kuma ƙarancin takardun naira na farkon 2023, wanda ya tura jama'a ga tura kuɗi ta waya, ya sa mai tsohuwar waya ya koma dogaro da lambobin USSD ko mai POS.

A 'yan shekarun nan tsawon wa'adi ya zama abin talla da kuma abin doka. Google ya yi alkawarin shekara bakwai na sabuntawa ga Pixel 8 a watan Oktoban 2023, Samsung ya yi irinsa ga Galaxy S24 a watan Janairun 2024, ko da yake waɗannan wayoyi ne masu tsada, ƙananan wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'a kuwa wa'adinsu ya fi haka gajarta nesa. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, tare da ƙarin shekara guda ta gyaran tsaro ga wanda ya yi rajista, Windows 11 kuma ba ta hawa kan kwamfutar da ba ta da guntun tsaro na TPM 2.0, sharaɗin da ya bar ɗimbin injuna masu lafiya a waje. Tarayyar Turai, wadda ta wajabta caja samfurin USB-C a kan sababbin wayoyi daga ƙarshen Disambar 2024, ta kuma kafa dokar da ta fara aiki ranar 20 ga Yunin 2025, wadda ta shata cewa sabuntawar babbar manhaja ta ci gaba da samuwa na aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin waya. Dokar ta shafi wayoyin da aka sa a kasuwar Turai ne kawai, amma tunda gyaran yana bin samfurin wayar duk inda take, wadda aka sayar a Jamus aka yi amfani da ita shekara biyu kafin a shigo da ita Kano a matsayin ta hannu za ta iso da ragowar shekarun da dokar ta ba ta.